Hannun Kawu a Gindin Buhun Gahawa

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, tsofaffin ma'aikatan ramin yuraniyom suka cika ƙofar gidanmu har tabarmi suka kasa. Wasu daga Akokan suka zo, wasu daga bayan tasha, kowa da tarinsa da sandarsa. Ina cikin gida ina jin su ta katanga. Wani ya ce shekara da shekaru bai taɓa hawa motar kamfani ba sai da ɗacin gahawar Kawu a bakinsa. Wani ya ce shi ƙanshin yake tunawa, wai kana fitowa daga masallaci hancinka zai ja ka. Wata maƙwabciyarmu 'yar Tawa tana ta maimaita wa matan da ke shigowa, "Bawan Allah, bai da abokin hwaɗa." Kawu yana da faɗa, kuma na sha gani.

Mutanen Abzin na unguwarmu su ma sun zo, amma daga bakin ƙofa suka shafa fatiha suka juya. An miƙa musu ruwa, ba wanda ya sha. Kowa ya lura, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne uban 'ya'yana, mutumin da muka rabu tun yaran suna ƙanana. Ya zauna a gaba, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Aka yi ta ba shi haƙuri, ana cewa ka ga suruki na gari, aure ya mutu amma bai yar da zumunci ba. Ni kuwa ina tsaye bayan ƙyaure riƙe da buta, sai da na ajiye ta don kada ta suɓuce.

Kawu ya sa na yi masa alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin yana numfashi. Na cika alkawarin. Yanzu zan faɗi yadda aka yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Daga Damagaram ya zo Arlit yana saurayi, ya samu aikin kuku a gidan wani Bature injiniya a site, unguwar da kamfani ya gina wa manyan ma'aikata. Da mahaifiyata ta rasu, shi da matarsa Inna suka ɗauko ni. Allah bai ba su haihuwa ba. Su suka rene ni, su suka aurar da ni.

A gidan Baturen ya koyi suyar gahawa, wadda mutanen nan ke kira kafe. Matar gidan ba ta shan ta gwangwani. Ɗanya ake kawo mata, ƙwayoyi kore-kore masu kama da wake, a soya a gida. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi, Turawa suka fara ɗaure kaya, kamfani ya shiga rage mutane. Kawu ya dawo gida da wani kasko mai kauri da 'yar injin niƙa ta hannu, ya ce sana'a zai kafa. Aka yi masa dariya, don garin nan shayi aka sani. Bai kula kowa ba. Ya kafa teburinsa inda masu aikin safe ke jiran mota, da burodi da sukari. Kafin wata uku, wanda bai zo da wuri ba sai dai ya ji ƙanshi.

In yana suya ba a yi masa magana. Yana zaune kan 'yar kujera, yana juya ƙwayoyin da muciya, kansa a karkace yana saurare. In suka fara ƙara kamar ana taka busasshen kara, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, duk gidan a yi tsit. Inna ta taɓa tambayarsa kuɗin cefane a daidai wannan lokacin, ya yini bai yi mata magana ba.

Amma kullum yakan ce suyar ba ita ce wahala ba. "Wuta ba ta gyara mummunar ƙwaya, ɗiyata. Aikin yana wajen wanda ya kawo miki." Nan ko itacen gahawa ɗaya babu. Daga bakin teku take zuwa, ta ratsa ƙasashe a bayan manyan motoci, tare da gazuwal, wato man dizal, da albasa da sabulu. Saboda haka duk wanda ya kawo masa buhu, kafin ya kalli ƙwayar sai ya shinshina buhun kansa, ya tambaya, "Ina buhun nan ya kwana?" Sannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ta yi taushi, ta sha danshi. In ta farfashe kamar alli, ta tsufa. Daga nan ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya zura hannu har gindin buhun, ya damƙo na can ƙasa ya baza a faranti. Nan ake kama mutane. Akwai wani babban ɗan kasuwa da ya rantse masa sama da ƙasa ɗaya suke. Kawu ya zazzage buhun a tsakiyar kasuwa, ga tsakuwa, ga baƙaƙen ƙwayoyi, ga waɗanda ƙwaro ya huda. Ya ce, "Alhaji, rantsuwarka ta sama ce, ba ta kai ƙasa ba." Shekara biyu ba su gaisa ba.

Mutum huɗu ya gwada ya sallama kafin Allah ya haɗa shi da Direba.

Direba mutumin Abzin ne, dogo, da shuɗin rawani, yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da Arlit. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ina tsince ƙwaya a zaure ranar da ya fara zuwa.

Kawu ya ce, "Ina buhun nan ya kwana?"

Ya ce, "Bayan kujerata. Ni da shi ɗaki guda."

Kawu ya shinshina. Ba gazuwal, sai ɗan warin taba da hayaƙin shayi a jikin buhun daga waje. Yana shirin cizon ƙwaya Direba ya riga shi. "Yaya, kafe ɗin nan ba na bana ba ne, na bara ne. Matar da ya sayar mini ya ce in ce na bana. Ni ban iya ba."

Kawu ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sai ya ce da ni, "Tashi ki ce wa Inna ta ƙara tuwo." Bayan baƙon ya tafi ya ce mini, "Wanda ya gaya miki aibin kayansa kafin ki gani, riƙe shi. Ko da ya fi kowa tsada."

Ya riƙe shi kuwa. Amma bai taɓa daina zura hannu gindin buhu ba, har abin ya zama wasa a tsakaninsu. Direba ya shiga ajiye masa wani abu a can ƙasa. Wata rana cokali, wata rana usur, wata rana takalmin jariri ƙafa ɗaya. Kawu ya zaro yana zagi, "Ɗan banza, ka mai da ni abin wasa," Direba na dariya har rawaninsa ya zame. Ban taɓa ganin Kawu yana dariya da wani kamar yadda yake yi da shi ba. "Ƙanena" yake ce masa, kuma ba a baki kawai ba.

Shekarar da aka yi fari mai tsanani, raƙuman dangin Direba suka ƙare a daji. Ya ɗauko tsohuwarsa da matarsa da 'yarsu guda, bai san inda zai kai su ba. Kawu ya kwashe itacen da ke bayan ɗakin girki, ya ce su kafa bukkarsu nan. Tsohuwar ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Tamajak, amma a kwano ɗaya suke ci, su yini suna hira da hannu. Sun fi shekara a gidanmu kafin Direba ya sama musu wuri a bayan gari.

A wannan tsakanin ne aka sallami mijina daga ramin Akokan. Ba zan yi masa ƙarya ba, kafin nan ban san shi da mugun hali ba. Amma zaman banza ya canza shi. Muka tattaro muka dawo gidan Kawu da yara biyu, shi kuma ya tsani hakan. Ya ce zai shiga fatauci. Wata rana ya shigo da rabin buhu, ya ce ya samo hanyar gahawa, daga yau shi zai riƙa kawowa.

Kawu ya ja buhun zuwa ɗaki, ya rufe ƙofa. Ni kaɗai ce ta uku. Ya shinshina, ya ciza, ya zura hannu. Ya baza a faranti, farantin ya isa magana.

Mijina ya ce, "Baba, ni surukinka ne fa."

"Shi ya sa na duba a ɗaki, ban duba a ƙofar gida ba."

"Za ka fifita bare a kaina?"

"Wannan kusa da gazuwal ya kwana. In na soya shi, mutum ya kurɓa, da sunana zai tofar. Ka bi ƙanena zuwa Kwatano sau biyu, ya nuna maka inda ake saye da yadda ake ɗaukowa. In ka iya, sai ku raba."

Ya ce shi ba zai zama yaron motar kowa ba. Ya ɗauki buhunsa ya fita.

Sai tawaye ya zo. Hanyar Agadas ta koma sai da ayari da rakiyar bindiga. Aka kafa shingaye. Duk mai shuɗin rawani ya zama abin kallo, maƙwabta suka fara rage murya in sun ga juna. Wasu suka ba Kawu shawara ya ɗan janye jiki daga Direba. Ya ce musu, "Ku kawo mini wanda ya fi shi kaya."

Ran nan wani direban ayari ya zo da hantsi ya ce an sauke Direba a shingen shiga gari. Da sunansa aka zo, ba a tsayar da kowa ba sai shi. Wai an ce yana kai wa 'yan tawayen da ke kan dutse saƙo. An tafi da shi, ba wanda ya san ina.

Kawu ya kifa kasko. Ya bi ofis-ofis da hularsa a hannu. Sau biyu yana shiga ayari zuwa Agadas, ya dawo leɓensa a fashe. Kullum da la'asar yakan kai wa matar Direba abin da ya samu. Kusan wata guda ba a ji ƙanshi a gidanmu ba.

Sai ga mijina da buhu a kafaɗa, fuskarsa a sake. Ya ce, "Baba, wannan karon ba za ka ƙi ba. Zama ba aiki ba zai fito da Direba ba."

Buhun shinkafa ne daga waje, amma akwai wani buhun a cikinsa. Kawu ya sunkuya ya shinshina. Na ga bayansa ya sandare. Ya ciza ƙwaya, ta yi ƙas. Ya naɗe hannun riga a hankali, ya zura har kafaɗa. Da ya zaro, akwai wani ƙulli na shuɗin ƙyalle a tafinsa. Ya kwance. Tabarau ne. Kafin tafiyar ƙarshe Kawu ya yi wa Direba kukan idonsa ya fara gajiya wajen tsintar ƙwaya, Direba ya ce zai sayo masa a Kwatano.

Inna ce ta fara salati.

Kawu ya ce, "Wa ya ba ka buhun ƙanena?"

Mijina ya fara da cewa saye ya yi. Wajen wa? Sai ya ce a shinge aka ba shi. Don me? Sai bakinsa ya kwance. "Ni ban ce a kama shi ba. Cewa na yi a tambaye shi kawai. Kwana biyu na zaci za su riƙe shi. Baba, ina da yara."

Kawu ya ce, "Yaranka a kwanona suke ci. Shi ma yana da ɗiya." Muryarsa ba ta tashi ba. "Tashi ka fita."

Ni na san abin da na ji a ranar, kuma har yau bai gama sauka ba. Da mutumin nan nake kwana nake tashi. Ya ga matar Direba tana kuka a tsakar gidanmu, shi ya miƙa mata tabarma. Na ce ya ba ni takardata. Ya ba ni.

Na ɗauki mayafi zan tafi bayan gari in gaya wa matar Direba. Kawu ya tare ƙofa.

"Ina za ki?"

"Zan faɗa mata."

"In kin faɗa, kafin magariba duk gari ya ji. A kwanakin nan jini ake zubarwa kan abin da bai kai wannan ba. Ko an bar shi da rai, yaran nan da sunan ubansu za a kira su har su mutu. Ɗan wanda ya sai da mutum. Wa zai ba su aure? Wa zai zauna da su?"

"To, a bar shi haka, Kawu?"

"Ƙanena zai fito. In ya fito ni zan gaya masa, ni da shi. Shi zai gane. Ki yi mini alkawari."

Na yi. Da na san abin da zai biyo baya, ban sani ba ko da na yi.

Washegari matar Direba ta zo da kanta. Buhun na jingine a zaure, Kawu ya cire shi daga na shinkafar don ya mayar mata. Ta tsaya tana kallonsa. Ita ta ɗinke masa baki kafin tafiyar, ta san zarenta. Ta ce, "Yaya, buhu ya zo gidanka. Mai buhu bai zo ba. Ta ina?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya. Ina tsaye, harshena na motsi a baki, ya ɗago ido ya kalle ni. Ta juya ta fita, ba ta ɗauki buhun ba.

Shi ke nan. Maganar ta zaga tsakanin mutanen Abzin cewa kuku ya sai da amininsa. Suka daina wucewa ta gaban teburinsa. Tsohuwar da ta ci kwano ɗaya da Inna ta gan ta a kasuwa ta kau da kai. Da aka saki Direba bayan dogon lokaci, hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa, danginsa ba su bari ya kwana a Arlit ba, suka wuce da shi ta Asamaka zuwa arewa. Kawu ya ji labari bayan motar ta tashi. Ya sa aka rubuta masa takarda har sau uku, yana roƙon su haɗu ko a bakin iyaka ne. Duka ukun suka dawo a manne. Bayan wasu shekaru muka ji Direba ya rasu a can.

Kawu ya koma suya, don dole a ci abinci. Amma bai ƙara tsayar da mutum ɗaya ba. Yau wajen wannan, gobe wajen wancan, ya tsince rabi ya zubar. In na ce wane fa yana da kirki, sai ya ce, "Duba buhun dai." Wasa ya fita daga bakinsa. Shi kuwa uban 'ya'yana ya samu kanti a kasuwa, ya yi ƙiba, ya je Makka. Duk Juma'a yakan durƙusa ya gaida Kawu a ƙofar masallaci a gaban mutane, Kawu ya amsa. Na sha yi masa faɗa kan wannan. Na ce, "Kawu, ka ɗauki kayan wani ka aza a kanka, shi yana yawo da farar riga." Ya ce, "Yaran sun girma lafiya ko ba su girma ba?" Sun girma. Babban ya zama malamin lakwal, wato makarantar boko, ƙaramar ta yi aure gidan mutunci. Amma ni na yi shekaru ina jin haushin Kawu kusan kamar yadda nake jin na wancan, kuma ya sani.

Bayan sadakar bakwai na tara 'ya'yana na gaya musu. Babban ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da aka kira magariba. Har yanzu bai ce mini komai ba.

Da sati ya zagayo na shiga mota zuwa Cirozerin. Na samu labarin 'yar Direba ta dawo ƙasa, tana aure can, mijinta na aikin gawayi. Na tarar da ita tana shanya a tsakar gida. Ta gane ni, don ni na yi mata kitso tana ƙarama. Ba ta ce in zauna ba, sai na faɗa a tsaye, tun daga farko har ƙarshe. Ba ta katse ni ba. Rigar da ke hannunta tana ta ɗiga a kan ƙafarta.

Da na gama ta ce, "Babana bai taɓa zagin kawunki ba. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Tambaya yake yi. Me na yi wa Yaya? Har ciwon ajali, me na yi wa Yaya?"

Na ce, "Don yarana ya yi shiru."

Ta ce, "Ya tsare 'ya'yanki. Mu wa ya tsare mu?"

Na ce mata abin da ya kawo ni ke nan, na juya. Na kai bakin ƙofa ta kira ni da sunan da take kirana tana yarinya.

"Ina aka binne shi?"

Na kwatanta mata: maƙabartar gabas, layin ƙarshe, kusa da katanga. Ta gyaɗa kai ta koma ga shanyarta. Ba ta ce za ta zo ba.

Allah Ya yafe wa Kawu shirun da ya yi, Ya yafe mini nawa. Ya jiƙan Direba. Ya sada su a inda ba mai shiga tsakani, Kawu ya gaya masa da bakinsa.